PGDE ko M.Ed, wace hanya zan bi in koyar da kurame da lasisi a hannu?

Ummin_Sadiq:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu harkar koyarwa a wannan zaure ku taimaka min da shawara kafin a rufe sayar da fom. Ni dai Bayoloji na karanta, B.Sc ce zalla ba ta ɓangaren ilimi ba, na gama bautar ƙasa yanzu ina ɗan koyarwa a wata makarantar kuɗi a nan Kano. Abin da raina ke so shi ne in koma koyar da kurame, ƙanina sanƙarau ne ya tafi da jinsa tun yana ƙarami to na taso ina ganin yadda ake fama, kuma ina iya 'yar maganar hannu irin ta gida wadda muke yi da shi.

Matsalar ita ce kowa na tambaya sai ya faɗa min wani abu daban. Wani ya ce in yi PGDE tukun, wato diflomar koyon malanta ta bayan digiri, wata ta ce ɓata lokaci ne in cike M.Ed, wato digiri na biyu, ta ilimin masu buƙata ta musamman kai tsaye tunda ina da sakan kilas ofa, wani kuma ya ce in dai da gaske nake in tattara in tafi kwalejin ilimi ta Oyo in yi NCE, sannan wani malami a makarantarmu ya ce ita TRCN mai ba malamai lasisi kuɗi kawai ake biya a ba ka takarda ba sai ka yi wani karatu ba. Na leƙa wata jami'a in ga kodinetan masu karatun gaba da digiri, kullum sai a ce ya shiga mitin ko ya yi tafiya, sakatariyar kuma cewa ta yi in duba intanet, intanet ɗin kuma bayanin da ke kai tsoho ne. Wallahi kaina ya kulle. Wanne ne ke gaba da wanne, kuma akwai wani lasisi na daban ne da ake ba malamin kurame?

Baba_Inspekta:

Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya yi albarka ya ba ƙanin naki lafiya. A wannan layin na yi aiki har na ajiye, to bari in warware miki, don abu biyu aka cakuɗa miki wuri guda. Akwai takardar da ke ba ki izinin tsayawa gaban aji, akwai kuma ilimin da za ki yi aikin da shi, kuma a ƙasar nan ba a ƙofa ɗaya ake karɓarsu ba.

Izinin na TRCN ne, hukumar rajistar malamai da aka kafa da doka ta 31 ta shekarar 1993. Ita ba ruwanta da ko kurame za ki koyar ko masu ji, takardar koyon aikin malanta take nema. Rukuni huɗu ta kasa malamai: A masu PhD, B masu digiri na biyu, C masu digirin farko, D masu NCE, kuma duk wanda digirinsa ba na ilimi ba ne sai ya haɗa da PGDE ko makamanciyarta kafin ya shiga ko wanne. Ke a yadda kike yanzu da B.Sc kaɗai ba ki cikin ko ɗaya, da kin yi PGDE kin zama C. Wancan malamin da ya ce biya kawai ake yi labarin da yake ba ki ya tsufa, tun 2017 sai an zauna jarrabawar tantance malamai ta PQE a kwamfuta, in an ci a ba da satifiket da lasisi, lasisin kuma duk bayan shekara uku ake sabunta shi. Amsar tambayarki ta ƙarshe kuwa a'a ce, lasisin da malamin lissafi a sakandare ke riƙe da shi shi ne dai malamin kurame ke riƙewa.

Batun tsallakawa M.Ed kai tsaye, galibin jami'o'inmu B.Ed, wato digirin farko na ɓangaren ilimi, suke nema ko kuma digiri haɗe da PGDE, to ko kin sayi fom ɗin wataƙila a wajen tantancewa za a tsame ki, kuɗin fom kuma ba a maidowa. Wasu sassan kan buɗe difloma ta gaba da digiri a fannin masu buƙata ta musamman ɗin kansa, in kin ci karo da irinta kar ki yi saurin biya, ki fara zuwa ofishin TRCN na jiha ki tambaya ko suna karɓarta a matsayin takardar malanta, ki kuma tambayi sashen ko tana kai mutum M.Ed ɗinsu. In duka biyun suka ce eh to ta fi miki PGDE gama-gari nesa ba kusa ba.

Oyo kuma kar ki raina mai ba ki shawarar. Kwalejin ilimi ta tarayya ta musamman da ke can tun 1977 take, kuma da yawa daga ƙwararrun malaman kurame da makafi da na yi aiki da su can suka fito, hannunsu ya faɗa sosai. Sai dai NCE shekara uku ce, kuma a takarda koma baya ne ga mai digiri, ni ba zan ce ki yi ba.

Inda nake so ki buɗe ido shi ne TP, wato gwajin koyarwa. Ita PGDE ko a jami'a kika yi ko cibiyar horar da malamai NTI ta Kaduna ko jami'ar karatu daga gida NOUN, abin da za a cika ki da shi tarihin ilimi ne da falsafa da halayyar ɗalibi da tsara manhaja da auna fahimta, batun masu buƙata ta musamman in kin yi sa'a kwas ɗaya ne, shi ma a takarda. To wurin da kawai kike da iko ki karkata karatun zuwa inda kike so shi ne makonnin gwajin koyarwa. Ɗalibai da yawa makarantar da ta fi kusa da gida suke zaɓa don sauƙin kuɗin mota. Ke tun farkon zango ki rubuta wa mai kula da TP takarda, ki ce makarantar kurame kike so a tura ki, a nan Kano ga ta Tudun Maliki, ki je ki samo amincewar shugaban makarantar a rubuce ki haɗa. Da wuri nake cewa domin sai an samu sufabaizan da zai yarda ya biyo ki can, wasu ba sa so tunda ba za su gane abin da ake yi a ajin ba.

In kin gama sai M.Ed. BUK na da sashen, Jos na da shi, Ibadan ma haka. Ni ina da son kai ga Jos saboda tsohon wuri ne a harkar, kuma ga Gindiri kusa inda aka buɗe makarantar makafi tun 1953, amma mai gida da yara a Kano ba sai ta yi nisa ba.

Sani_MaiHannu:

Baba ya faɗi gaskiya a kan takardu, ba ni da ja. Amma ni kurma ne kuma malami ne, ina aji biyar na firamare jina ya tafi shi ya sa nake rubuta Hausa haka, to ina so in ƙara abin da ba a rubuta a fom.

'Yar uwa mun sha ganin malamai an turo su da M.Ed, wani ma yana kan PhD, ya shigo aji ya cika allo da rubutu daga sama har ƙasa, ya juya baya yana bayani da baki yana kallon allon, yara su kwafe tas cikin littafi da rubutu mai kyau, ka ɗauki littafin ka nuna kalma ɗaya ka tambayi yaro me wannan take nufi sai ya yi maka murmushi. Malamin yana da lasisi, ba wanda zai ce ya karya doka. Shi ya sa nake cewa kar ki jira wata jami'a ta koya miki hannu, semista ɗaya ta harrufan yatsa da gaisuwa ba za ta ishe ki bayyana wa yaro yadda jini ke zagaya jiki ba.

Kuma ki sani hannun ma iri biyu za ki tarar. Na makaranta asalinsa na Amurka ne, Andrew Foster ne ya shigo da shi, baƙar fata kurma da ya yi karatu a Gallaudet, jami'ar kurame ta Amurka, ya fara buɗe makaranta a Ghana a 1957 sannan Ibadan a 1960, daga nan ya bazu har ya zama wanda ake koyarwa da shi a makarantun Najeriya, da 'yan canje-canje namu. Sannan akwai maganar hannu tamu ta ƙasar Hausa wadda kurame ke yi a kasuwa da majalisa tun kafin a san da wata makaranta, wadda kike yi da ƙaninki ina jin ta fi kusa da wannan. Kar ki yar da ita. Yaro zai zo miki daga ƙauye yana shekara tara ko goma bai taɓa shiga aji ba, bai san harafi ɗaya na yatsa ba, abin da yake da shi kawai alamomin gidansu, ta nan za ki kama shi ki ja shi zuwa na makaranta. Ga kuma wani nauyin a kansa, a gida Hausa ake yi, a littafi Turanci ne, yaren da bai taɓa jin sautinsa ba ake so ya rubuta jarrabawa da shi. Wasu malaman da suka koyi na makaranta kaɗai har hana yara na gida suke yi wai na jahilai ne, wannan abu yana min ciwo.

Ƙananan abubuwa kuma da za ki gani a TP in kin lura: ba a jera benci layi-layi, ana lanƙwasa su ne kowa ya ga hannun kowa. Ba kya tsayawa taga na bayanki don fuskarki za ta yi duhu, fuska kuwa rabin maganar ce, gira kaɗai ke bambanta tambaya da labari. Ba kya rubutu kina bayani lokaci guda, ki rubuta, ki juyo, ki jira idanu su dawo kanki. In kina son hankalinsu ki buga tebur ko ki kaɗa hannu, ba jifa da alli ba kamar yadda wasu ke yi. In kina sa niƙabi kuma ki yi tunanin yadda za ki yi a cikin aji tun yanzu.

Ummin_Sadiq:

Baba na gode ƙwarai Allah ya ƙara girma, wallahi yau na fara ganin hanya. Malam Sani kai ma na gode, wannan na kwafar allo kamar kana gidanmu, littattafan ƙanina cike suke fal amma in na tambaye shi shiru. To yanzu PGDE shekara ɗaya M.Ed kuma biyu ko fiye in ba yajin aiki, ga kuɗin makaranta ga yara, shin in an gama akwai aikin kuwa? Sannan Baba shi sufabaizan M.Ed mutum ke zaɓa ko ba ka ake yi, don labaran da nake ji suna ban tsoro.

Dan_Sabongari:

Hajiya gaskiya ɗaya ce, in don albashi ne kar ki fara. Makarantun gwamnati na kurame da makafi 'yan kaɗan ne a kowace jiha kuma ɗaukar aiki sai an ga dama. Doka kam akwai, Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci a Janairun 2019, an kafa musu hukuma a 2020, dokar ta ce ilimi kyauta har sakandare ta ce kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati nasu ne, amma ki shiga makarantun ki ga abin da ke ƙasa. Inda na ga mutane na samun na cefane shi ne tafinta, a jami'o'i da talabijin da taruka da ƙungiyoyin agaji, sai kuma cibiyoyin kuɗi na yara masu galahanga da masu jinkirin fahimta a Abuja da manyan birane, iyaye na neman ƙwararru ido rufe. Su kuma waɗannan ba lasisi suke fara tambaya ba, cewa za su yi yi mu gani.

Anti_Hajjo_Bronx:

Ƙanwata sannu da ƙoƙari. Ni a New York nake koyar da yara masu buƙata ta musamman, bari in faɗa miki yadda yake a nan ko za ki tsinci wani abu, ba don in ce ki taho ba.

A nan kowace jiha ke ba da nata lasisin, kuma na wannan fannin daban yake da na sauran malamai, har a cikinsa ma na kurame daban na makafi daban. Kafin a ba ki sai kin gama shirin da jiha ta amince da shi, kin yi gwajin koyarwa a ajin irin yaran da za ki koyar, kin ci jarrabawoyin jiha, an ɗauki hoton yatsunki, kin halarci bita kan gane alamun cin zarafin yara da wata kan galahanga. Lasisin farko shekara biyar yake yi, a cikinsu ake so ki kammala digiri na biyu ki kuma yi shekara uku kina koyarwa kafin ki samu babban. Duk wannan ya samo asali ne daga dokar tarayya ta 1975 wadda aka sake wa suna IDEA a 1990, ita ta wajabta wa makarantun gwamnati karɓar kowane yaro, kuma kowanne sai an rubuta masa tsarin karatunsa na kansa da ake kira IEP, a zauna da iyaye duk shekara a duba. Rabin aikina wallahi rubuta wannan takarda ne da zaman mitin, wani lokaci har tafinta nake wa iyaye 'yan Nijar da 'yan Ghana da ke nan unguwar tamu, uwa ta zo a tsorace tana zaton za a ƙwace mata ɗa ne.

Abin da ya fi amfanata a karatun shi ne mai ba da shawara da jami'a ke haɗa ka da shi tun ranar farko. Tawa ta zaunar da ni ta ɗauko takardun digirina na gida da aka tantance, ta bi su kwas bayan kwas da jan biro, wannan ya shiga, wannan bai shiga ba sai kin cike, sannan ta zana min a takarda ɗaya abin da zan ɗauka kowace semista har ranar da za su tura sunana wa jiha, muka sa hannu mu biyu. Da aka canja wata ƙa'ida a tsakiyar karatun wannan takardar ce ta cece ni. To ke tunda ba wanda zai zana miki, ki zana da kanki, ki kai wa kodineta ya duba ko da a tsaye ne a bakin mota, kuma duk abin da aka faɗa miki da baki ki nemi inda yake a rubuce a littafin ƙa'idojin makarantar gaba da digiri. Kar ki ɗauka nan aljanna ce fa, ƙarancin malamai a fannin ya yi yawa, mutane na gajiya suna bari.

Baba_Inspekta:

'Yata sufabaiza dai sashe ne ke rabawa, amma ba a rufe ido ake yi ba, ana duba fannin da kika ce kina so. To tun kina kwas ki san waye a sashen fanninsa kurame ne, don a sashe ɗaya akwai na makafi, akwai na masu jinkirin fahimta, akwai na yara masu baiwa, in kika yi shiru sai a haɗa ki da duk wanda ɗalibansa suka yi ƙaranci. Ki shiga laburaren sashe ki ɗauko kundayen da aka gama a 'yan shekarun nan, sunan sufabaiza na shafin farko, ki ga su wa ke fitar da ɗalibai. Sannan ki tambayi ɗaliban da ke hannunsa yanzu, ba waɗanda suka gama ba don su sun yafe, babi na kwana nawa a teburinsa kafin ya dawo. Babban farfesa mai yawan tafiya sunansa zai yi kyau a kundinki amma ƙaramin dakta da ke zaune a ofis shi zai fitar da ke.

Taken bincike kuma dan Allah kar ki bi sahun ra'ayin malamai game da kaza, an yi shi har an gaji, takardar tambayoyi ake rabawa a tattara a ɗaure. Ke ga Bayoloji a hannunki, malaman kimiyya masu iya hannu kuwa nema ake ba a samu, ki yi wani abu a kan yadda ake koyar da kimiyya a ajin kurame, ki shiga aji ki gwada ki auna. Dan_Sabongari bai yi ƙarya ba kan albashi, sai dai mai kimiyya da hannu da lasisi ba ta cika zama ba aiki ba.

Inda zan ɗan saɓa da ɗana Sani shi ne, iya hannu kaɗai ma ba ya mai da mutum malami. Na duba ajin mutanen da hannunsu kamar ruwa amma ba tsarin darasi ba auna fahimta, hira kawai ake sha har a tashi.

Sani_MaiHannu:

Baba na yarda, amma tsarin darasi a wata uku ake koyonsa, hannu kuwa shekaru yake ci, shi ya sa nake cewa ta fara shi yau tun kafin admishin ya fito. 'Yar uwa ki nemi reshen ƙungiyar kurame ta ƙasa NNAD na jiha, ki tambayi ranar da mata ke haɗuwa, ki je da ƙaninki ya gabatar da ke. Farko za ki zauna kamar baƙuwa ba ki gane komai don suna da sauri, kar ki ce su rage, ki dai ci gaba da zuwa. Kuma ki tambayi shugabar matan ko akwai malama kurma da za ta yarda ki riƙa zama a bayan ajinta rana ɗaya a mako, yawanci ba sa ƙi in aka bi ta hannun shugaban makaranta.

Ummin_Sadiq:

To shi ke nan na gane. PGDE zan cike wannan zangon, gobe in Allah ya kai mu zan biya ofishin TRCN in yi tambayar diflomar nan da Baba ya ce kafin in biya kuɗin fom. Anti Hajjo dan Allah in ba damuwa ki turo min hoton irin takardar da kuka zana ɗin ta inbos, ki rufe sunanki, ina so in ga yadda aka jera ta.